Inna da Sawayen Kantin Gyaɗa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Inna, mahaifiyar babanmu, ta rasu wata Talata bayan sallar asuba, ana tsakiyar yankan gero, a ɗakinta na gidanmu da ke Daura. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ni ne babban jikanta, saboda haka na yi zaman makoki a zaure da cikin gida duka, na ji abin da kowa ya faɗa. Goggo, ƙanwar Baba, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Matan unguwa suna ta cewa an yi rashin mai faɗar gaskiya, wanda a bakinsu ma'anarsa ita ce ta taɓa wanke su tas. Wata dattijuwa da ta zo daga Zango ta ce Inna ce ta koya mata kaɗi, kuma har yau tana jin zafin mazarin da aka ƙwala mata a bayan hannu. Abokan Baba 'yan kwangila sun zo daga Kano, motocinsu suka toshe lungu, suka yi addu'a, suka koma zancen siminti.

Tsohon akawun kantin gyaɗa ma ya zauna da mu, a can bakin tabarma, ya jingina haɓarsa da sanda. Da aka shafa fatiha sai ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Baiwata ta gudu, ba ta ko yi mani sallama ba." Wani baƙo ya haɗe rai. Mu 'yan gida mun san wasan, shi Babarbare ne, ita kuma uwarta Bafillatana ce daga wata ruga ta wajen Mai'adua. Ba wanda ya yi dariya dai.

Yanzu haka akwai 'yan mata ƙanana a zuriyarmu da suka ci sunanta. Idan ba a rubuta komai ba, sunan kaɗai za su sani, shi ya sa na zauna na tattara abin da na riƙe.

Inna ba ta da saurin sabo, ba ta kuma da saurin yabo. Idan tuwo ya yi daɗi, iyakar abin da za ta ce shi ne, "An ci." Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika, kuma ko da na girma na zama malamin makaranta da matata da 'ya'yana, ba ta fasa cewa ni mijin banza ne da ba ya kawo cefane ba. Baba kuwa ɗanta ne na fari. Kowace uwa a garinmu tana kunyar ɗan fari, amma Inna ta kai abin ƙarshe. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan ya zo gaishe ta yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta fuskanci bango ta amsa wa duk wanda ke kusa: "A ce mashi lafiya lau." Tun da kwangila ta mai da shi Kano ta raɗa masa suna, mutumin Kano.

Sana'arta kaɗi ce tun tana budurwa. Zarenta siriri ne, sumul, ba kumburi ba tsinkewa. Baba yakan ba da labarin cewa da yana ƙarami, in an aike shi kasuwa da shi, ba ya kaiwa, a hanya masaƙa ke tare shi. Ta ajiye mazari ne lokacin da Baba ya fara samu, ya ce a ce mata ta huta.

Kantin gyaɗa yana bakin hanyar da ta fita zuwa Mai'adua. Wani kamfanin Turawa ne ya gina shi tun zamanin mulkinsu, don sayen gyaɗa da fatu, su kuma su sayar da gishiri da kananzir da yadi. Katangarsa mai kauri ce, rufin kwanonsa ya yi tsatsa, katon sikelin gyaɗa yana nan a baranda awaki na kwana a kansa. Da Turawan suka tafi, akawunsu ya gaji wurin. Da cinikin gyaɗa ya ja baya, sai ya ware gefe guda ya cika shi da kayan hannu: faya-fayai, tabarmi, akusa, ƙore masu zane, jakunkunan fata, gwado. Masu saye yawanci Turawa ne 'yan wucewa zuwa Damagaram, da ma'aikatan gwamnati masu sabon falo. A lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, kasuwar gari ta cika da roba da kwanonin samira da atamfa. Sai ya zama kantin da ya fara kawo mana alawayyo, farin yadin inji, shi ne wurin da ya rage ake samun saƙar hannu.

Inna ta taɓa ganin wani ma'aikaci ya sayi faya-fayai rututu. Ta tambaye shi ko aurar da 'ya zai yi, ya ce a'a, a bango zai rataye su. Ta dube shi ta ce, "Yo bangon ne zai sha ƙuda?"

Wata ranar Asabar ta ce in raka ta kantin. Muna shiga ta buga teburin ciniki da tafin hannu.

"Babarbare, fito da farin nan da kake ɓoyo."

"Baiwa da yi wa ubangidanta tsawa? Ki gaishe ni tukuna."

"In gaida bawan gidanmu? Allah Ya sawwaƙe."

Ya shiga ciki ya fito da sawaye, farin saƙar hannu mai ƙaramin faɗi wanda ake haɗawa gefe da gefe da allura, a naɗe kamar gammo. Ta warware baki ɗaya, ta shinshina, ta goga a kumatu, ta zaro zare guda ta ɗaga shi wajen haske.

"Zaren Dutsi ne," ta ce. "Mai kaɗin tana gyangyaɗi, amma babu laifi."

"To ga kuɗinsa nan a rubuce. Nan kanti ne, ba kasuwa ba."

"Ni na yi boko? Zan taya, in ka ga dama ka ce albarka."

Ya yi ta cewa albarka har ta miƙe ta gyara mayafi, sannan ya sallama. Duk wanda ya san kantin ya san tun zamanin Turawa ba a tayi a cikinsa. Ita kaɗai ke yi.

A hanyar gida, ina ɗauke da ƙunshin, na ce mata ko wani auren za ta yi ina raye.

"Kayan tafiyata ne," ta ce. "Likkafanina. Da irin wannan aka tare ni ran da na faɗo duniya, da shi aka goya ni, da shi aka kai ni ɗakin kakanka, a cikinsa aka sa uwata. Ba na son alawayyo, sanyi gare shi. Maigida, kai na ba amana. Kada ka bari a naɗe ni da abin da inji ya yi."

Na ce to. Ban ɗauki abin da nauyi ba, don kayan suna nan, an saya. Goggo ta haɗa sawayen, aka naɗe, aka sa a adudu, aka ɗora a kan gado.

Sai shekarar fari ta zo. Mutanen arewa suka gangaro daga Nijar, dabbobinsu sun ƙare, suka zauna a bayan gari da gindin katangu. Wata Buzuwa da 'ya'yanta suka raɓa a jikin katangarmu, Inna tana aika mata fura kullum, ba sa jin yaren juna. Matar ba ta yi nisa ba ta rasu. Mazan unguwa suna tsaye suna shawarar inda za a samo likkafani, sai Inna ta aiko a kira ni.

"Sauko mani da adudun nan."

Na tuna mata abin da ke ciki.

"Na fi ka sani. Ita ta riga ni buƙata. Babarbare yana nan, in sayi wani."

Ba ta sake zancen matar ba har ta bar duniya. In wani ya tayar, sai ta ce a yi wata hira.

A nan ne lissafinta ya kuskure. Da muka koma kantin bayan damina, babu sawaye. Akawu ya ce masaƙan da ke kawo masa sun watse. Wasu sun tafi aikin titi, wasu masaƙar inji ta Kano, wasu gadi a Ikko. Mata sun daina kaɗi, don me mace za ta wuni tana murza mazari ga atamfa araha? Saura wani tsoho guda a Dutsi. Ya ɗauko aikin tsohon ya shimfiɗa mata, fari ƙal, sumul. Ta taɓa shi sau ɗaya ta janye hannu.

"Wannan zaren kanti ne. Alawayyo ne ya yi shigar burtu."

"Shi ake samu, baiwata. Ba mai kaɗa mashi."

Ranar ba ta tsokane shi ba, shi ma bai tsokane ta ba, muka fito hannu wofi.

Baba ya ji labarin kyautar da ta yi. A shekarar da ta biyo ya je Makka a jirgin sama, kamar yadda kowane mai ɗan hali ke yi a lokacin, ya dawo mata da tsaraba: bandir ɗin alawayyo mai kyau, an jiƙa shi da ruwan zamzam an shanya. Tsofaffi da yawa a Daura za su ba da komai su sami irinsa. Ya zo da shi da kansa, ya durƙusa a bakin ƙofa, aka zaunar da ni a tsakiya.

"A ce wa Inna ga likkafani na kawo mata, madadin wanda ta bayar."

Na faɗa, ko da yake ta ji.

"A ce mashi an gode. Ya ajiye ma kansa."

"A ce mata da zamzam aka wanke shi."

"A ce mashi Allah Ya karɓi aikinsa. Ni ban ce alawayyo nake so ba."

"A ce mata ƙasa ba ta san saƙar hannu da ta inji ba."

"A ce wa mutumin Kano ni na sani."

Haka suka yi ta yi, ni ina juya kai dama da hagu ina maimaita abin da kowa ya riga ya ji. Baba ya ɗauko malamin unguwa, malam ya ce duka biyun sun halatta, fari ne, mai tsarki ne, kuma wasiyyar da ba ta saɓa wa shari'a ba ana cika ta. Kowa ya ce malam bayansa ya goya. Baba ya koma Kano da fushi, ya bar bandir ɗin a ɗakin Goggo. Na san abin ya yi masa ciwo. Ya gina mata ɗakin siminti ta ƙi shiga, ya saya mata rediyo ta ba jikoki, yanzu ga wannan.

Bayan tafiyarsa Inna ta sa aka nemo mata mazarinta da allin da take shafa wa yatsu. Ta ce tunda ba mai kaɗa wa masaƙin Dutsi, ita za ta kaɗa. Goggo ce ke gurza audugar ta shiɓe, Inna ta kaɗa, ni in kai wa Akawu, shi kuma ya ba direban da ke bin hanyar Dutsi. Likkafanin mace yana cin yadi, ga zane, ga riga, ga kallabi, ga manyan mayafan da ake naɗewa da su, ita kuma hannunta ya tsufa. Abin da take kaɗawa a mako da, yanzu sai ya ci wata.

Ana cikin haka idonta ya fara tafiya. Da farko ta ce hayaƙin murhu ne. Daga baya na lura tana laluben alli alhali yana gaban gwiwarta. Na ce zan gaya wa Baba a kai ta asibitin ido a Kano.

"Ka gaya mashi, ya kwashe ni, a kwantar da ni a ɗaure mani fuska, wa zai kaɗa? In na gama sai a kai ni duk inda za a kai ni." Ta tara matan gidan ta ce duk wadda ta kai wa mutumin Kano wannan zance ba ta yafe ba. Ɓoyon bai yi mata wuya ba. Yakan zo ƙarshen wata, ya durƙusa a inda ya saba, ita tana fuskantar bangon da ta saba.

Duk lokacin da sawu, wato naɗi guda na sawaye, ya iso daga Dutsi, Akawu yakan aiko, ita kuma sai ta ce lallai da ƙafarta za ta je. Takan riƙe gwiwar hannuna har ƙofar kantin, daga nan ta sake ni, warin fata da kananzir ya kai ta har gaban teburin ciniki.

"Zarenki ne fa," Akawu ya ce mata a karon farko. "Ladan masaƙi kawai za ki ba da."

"Ni ba na ɗaukar kaya a kanti ban taya ba. Miƙo."

Ya miƙa. Ta bi shi da yatsu a hankali. Saƙar duk kumburi ce da ƙulle-ƙulle, nan kauri, nan siriri.

"Wace ƙazama ce ta kaɗa wannan?"

"Wata baiwata ce. Ta tsufa, na rasa mai saye."

Ta yi dariya har da tari. Shi ma ya yi, amma na ga ya juya yana gyara akusan da ba su karkace ba. Sannan ta taya, ya ce albarka, suka yi cinikinsu yadda suka saba.

Akwai ranar da muka tarar da wata Baturiya ta riƙe sawun Inna tana juya shi. Ta ce shi take so, ya fi sauran kama da na gargajiya, za ta shimfiɗa a teburin cin abinci. Akawu ya karɓe a hannunta cikin ladabi ya ce mata da Turanci an riga an saya. Da na fassara wa Inna, sai ta ce, "Ka ce mata ta bari in gama da shi."

Ta kaɗa zaren ƙarshe da damina. Aka aika Dutsi. Masaƙin shi ma tsoho ne, ga noma, sai aikin ya yi ta jan ƙafa. Ita kuma ta kwanta. Ciwon bai yi kama da na tafiya ba, zazzaɓi ne da rashin cin abinci, amma Goggo ta sa aka kira Baba, ya zo ya kwana biyu. Kullum da safe takan tambaye ni, "Babarbare ya aiko?" In ce tukuna.

Da ta cika, Goggo ta sauko da adudu ta auna. Na ciki duk sun samu. Babban mayafin waje ne bai kai ba, saura sawun da ke kan masaƙa a Dutsi.

A zaure Baffa, ƙanen Baba, ya ce abin mai sauƙi ne, ga alawayyon Makka a ɗakin Goggo, a cika da shi. Liman ya ce haka ne, ba a son jinkirta gawa, an kuma riga an tafi haƙa. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ban iya magana a gaban manya ba, amma na ce ta ba ni amana, kuma na ce mata to. Baffa ya ce amanar yaro ba ta wuce maganar liman ba. Ina da 'ya'ya a lokacin, amma a zauren nan yaro ne ni.

Alawayyon na Baba ne, kuma ba wanda zai zarge shi in ya ce a ɗauko. Sai ya ɗaga kai ya dubi Akawu, wanda ya iso tun da ya ji.

"Ka san gidan masaƙin?"

"Na sani, Alhaji."

"Tashi mu je." Ya juyo wajen liman. "Malam, a yi mani haƙuri. Kada a taɓa komai sai na dawo."

Jiran ya yi tsawo. Rana ta ɗaga, masu haƙa suka dawo suka zauna, mutane suka fara duban agogo suna gunaguni ƙasa-ƙasa. Baffa ya shiga ya fita, ya ce wannan bidi'a ce, ya ce in motar ta lalace a hanya fa? Na zauna a bakin ƙofar cikin gida, ban san abin da zan yi ba in suka ce in kauce. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Gab da azahar motar ta shigo lungu, taɓo har gilashi. Baba ya fito da naɗin a hannunsa, bai ba kowa ya riƙe masa ba. An yanko shi ne daga kan masaƙa, bakinsa duk zare na reto. Tela ya zauna a zaure ya haɗa, Baba da kansa ya riƙe masa gefen yana miƙawa, yana bin saƙar da babban yatsa. Aka shiga da shi. Jim kaɗan Goggo ta leƙo ta ce ya kai, ya rufe ta har ƙafa. Aka yi mata salla bayan azahar, aka kai ta.

A hanyar dawowa daga maƙabarta Baba ya rage tafiya har jama'a suka wuce mu. Bai dube ni ba.

"Na san zaren Inna," ya ce. "Ni nake kai shi kasuwa. Wancan ba hannunta ba ne."

Na ce hannunta ne.

"Duk ƙulli. Ko mai koyo ba ta yin haka."

Na ce masa a makance ta kaɗa shi.

Ya tsaya cak. "Tun yaushe?"

"Tun kafin bara."

"Atamfar da na kawo da Salla, ta ce a ce mani launin ya yi kyau."

"Ni na gaya mata launin."

Ya daɗe yana kallon karan geron da aka tara a gefen hanya. Ban taɓa jin tausayin Baba irin na ranar ba.

"Duk zuwan nan da nake, ina durƙuso tana ba ni baya," ya ce, "ni ina cewa kunya ce."

Na ce kunyar ce, har da ita.

"Da ta waigo sau ɗaya, da na gani."

Can gaba Baffa ya tsaya yana ɗaga mana hannu mu yi sauri, mutane na jira a zaure. Baba ya share fuska da hannun riga, ya gyara hula.

"Allah Ya ba ta haske a can," ya ce.

Na ce amin.